Kurakuran masu ƙera manhajar 'yan kasuwa da yadda za a gyara su

Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, 'yan kasuwar Sakkwato da dama suka rungumi ciniki ta waya, matasanmu kuma suka duƙufa ƙera manhajojin lissafin shago da bin bashi. Cunkoson abubuwa a shafi ne ke kashe irin waɗannan manhajoji.

Babban kuskure shi ne zuba komai a shafin farko: ciniki, bashi, kayan sito, rahoton wata, sayen kati, kuɗin wuta, duk girmansu ɗaya. Mai shago a Tsohuwar Kasuwa abu biyu yake maimaitawa daga safe har magariba: rubuta abin da ya sayar, da sunan wanda ya ci bashi. Su za a sa a gaba, manya-manya. Sauran a mayar da su ciki, inda taɓi ɗaya ko biyu zai kai mai nema. Ba sai an goge komai ba. WhatsApp na da kira, da tura adireshin wuri, da ƙuri'ar jin ra'ayi, amma in ka buɗe, jerin hirarrakinka ne ke fara tarbarka. Tun 1952 masanin Ingila William Hick ya nuna cewa yawan zaɓi na tsawaita lokacin yanke shawara, wanda kuwa masu saye suka tsaya a kansa ba shi da wannan lokacin.

Wani kuskuren shi ne gwaji a babbar wayar mai ƙira, cikin sanyin ofis. Alhaji mai shago ƙaramar Itel ko Tecno gare shi, ga hasken ranar Afrilu da ke shafe siririn rubutu mai ruwan toka. A yi rubutu baƙi ƙirin, maɓalli ya kai kusan milimita 9 kamar yadda Google ke ba da shawara, manhajar kuma ta riƙe ciniki ko da sabis ya ɗauke a hanyar Illela.

Alamomi ba rubutu ma tarko ne. A sa Hausa a ƙarƙashinsu, har da murya in da hali, don wani dattijon ajami ya fi iyawa. In kuɗi bai tafi ba, a faɗa masa kai tsaye: "Bai tafi ba, kuɗinka na nan."

Kafin a saki manhaja, a miƙa wa mai shago wayar, a ce, "Alhaji, rubuta bashin buhu biyu." Kada a taimaka masa. Shafin da yatsansa ya tsaya yana lalube, shi za a sake zanawa.