Yadda ake wanke hancin bindigar farauta da kare shi daga tsatsa da toshewa

Bindigar farauta mai karyewa a tsakiya, mai baki ɗaya ce ko mai baki biyu, ba kasafai yawan harbi ke kashe ta ba. Abu biyu ne ke gamawa da ita: tsatsar da ke cin hancin daga ciki inda ido ba ya kaiwa, da wani abu da ya toshe hancin mai ita bai sani ba ya ja kunama. Dukansu ana tare su da wanki na rabin awa. Bayanin nan na wanda ke riƙe da bindigarsa bisa lasisi ne. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta ɗora mallaka a kan lasisi, gyara da ƙira kuma a kan izini na daban, don haka abin da ya wuce wanki da shafa mai aikin mai izinin gyara ne.

Kafin komai, karya bindigar ka duba mazaunin harsashi da ido, ka kuma zura yatsa. Harsasai su bar ɗakin gaba ɗaya. Sannan ka raba ta uku: cire katakon gaba da ke ƙarƙashin hanci, danna mabuɗin sama, ka sauke hancin a hankali har ya fita daga maƙalarsa. Idan bindigar ba ta da gudumar waje da ake ɗanawa da babban yatsa, kada ka ja kunamarta bayan ka raba ta, domin wasu ba sa yarda katakon gaba ya koma sai an sake ɗana su da hannu.

Sandar wanki ta fi hancin tsawo. Yawancin hancin irin waɗannan bindigogi yana tsakanin santimita 66 da 76, saboda haka sanda mai santimita 90 ta wadatar. Ta katako, ta tagulla ko mai rufin roba ake so. Rodin gini ko wayar ƙarfe na karce ciki, kuma a cikin karcen nan tsatsa ke fara zama. Burushin ya zama na tagulla daidai da lambar bindiga: faɗin ramin lamba 12 kusan milimita 18.5 ne, lamba 16 kusan 16.8, lamba 20 kusan 15.6. Burushin lamba 20 a cikin lamba 12 lilo kawai zai yi, ba zai taɓa bango ba. Sai ƙyallen auduga da aka yanka murabba'i, kamar santimita 7 kowane gefe ga lamba 12. Tsohuwar singileti ta isa, amma ban da leda-leda irin na nailan da ba ya shan komai.

Maganar mai ita ce inda aka fi yin ɓarna. Idan babu ruwan wankin bindiga na kanti, kananzir yana narkar da baƙin hayaƙi sosai. Fetur kuwa a bar shi: tururinsa na kama wuta daga nesa, yana kuma ɓata fentin ƙota. Na shafawa, man bindiga ko man keken ɗinki. Man gyaɗa, man ja da man kaɗanya suna daskarewa su zama danƙo, su riƙe allurar da ke bugun harsashi har ta kasa fashe shi. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba mai cin ƙarfe, ba ya kare komai.

Ana shiga ne ta gindin hanci, wato ta mazaunin harsashi, a fita ta baki. Dalili shi ne bakin ya fi siranta, kuma a nan matsewar da ke tattara ƙwayoyin harsashi take. Sanda na gogarsa kullum, harbi zai fara warwatsewa. Jiƙa ƙyalle da ruwan wanki ka tura shi sau ɗaya ya fita, ka ajiye hancin a kwance minti goma zuwa sha biyar ya jiƙu. Sai burushi, kai da komo kamar sau goma. Kowane turi ka bari burushin ya fita gaba ɗaya ta baki kafin ka janyo shi. Juya shi a tsakiyar hanci yana lanƙwasa gashinsa, wani lokaci ma ya cije ya ƙi motsi. Daga nan busassun ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya fito ba baƙi.

Yanzu ɗaga hancin ka leƙa ta gindi, bakin yana fuskantar farin bango ko sararin sama, ba tsakiyar rana ba. Lafiyayyen ciki yana sheƙi, zobban haske suna jere a zagaye sumul. Dogayen layuka masu duhu da ke farawa gaba kaɗan da mazaunin harsashi, ko dab da baki, ragowar robar harsashi ce da dalma da suka manne. Ba sa fita da ƙyalle. Sake jiƙawa, ka dage da burushi a daidai wurin. Ɗige-ɗige baƙaƙe da suka ƙi fita bayan wanki biyu ramukan tsatsa ne, ƙarfen wurin ya riga ya tafi. Kar ka manta da mazaunin harsashin kansa. Idan kwanso yana maƙalewa bayan harbi sai an zaƙulo shi da wuƙa, galibi datti ne ko tsatsa a nan, kuma burushi da aka naɗa wa ƙyalle aka murza da hannu yana magance shi.

Shafa mai na ƙarshe ɗigo uku ko huɗu ne a kan ƙyalle, a tura sau ɗaya. Idan mai yana gangarowa, ya yi yawa. Ranar fita daji kuma a tura busasshen ƙyalle a kwashe shi kafin a sa harsashi.

Akwai dattin da kananzir da mai ba sa taɓawa, kuma shi ne mafi saurin ɓarna. Tsofaffin harsasai da yawa ana yin hular tayar da wutarsu da sinadarin da ke barin gishiri a cikin hanci bayan harbi. Albarushin bindigar toka ma haka, tokarsa na jan laima daga iska. Gishiri ba ya narkewa a mai. In ka shafa mai a kansa ka rufe shi ne kawai, yana ci a ƙarƙashi, da damina cikin kwana ɗaya ko biyu za ka ga ja. Maganinsa ruwa ne. A zuba ruwan zafi da ɗan sabulu ta cikin hanci, a goga, a ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don zafin ƙarfen ya busar da sauran, a bi da busassun ƙyallaye, sannan mai nan take. A yi shi ranar da aka yi harbin, ba washegari ba, a sake dubawa bayan kwana biyu. In ba ka san irin harsashin da ka harba ba, ɗauke shi a matsayin mai gishiri. Ruwan ba ya cutar da hancin da aka busar da kyau.

Mai bindigar toka yana da ƙarin aiki, tunda ba a leƙa ta a ga haske. Lokacin da ka tabbata babu komai a ciki, zura sandar ɗuri har ƙasa ka yi mata alama a daidai baki. Duk ranar da alamar ta tsaya sama da baki, akwai ɗuri ko wani abu a ciki. Ba a hura ta da baki, ba a kuma leƙa ta.

Toshewa ita ce mai raba mutum da yatsu. Ƙwayoyi na tafe da gudu suka ci karo da wani abu, iskar da ke bayansu sai ta nemi hanya ta gefe, hanci ya kumbura ko ya tsage, sau da yawa daidai inda hannun hagu ke riƙe. Zanzaro na son ramin bindigar da aka jingine a lungu, cikin ’yan kwanaki ya gina ɗakin laka a ciki, daga waje kuma ba abin da za ka gani. Tuntuɓe ɗaya a fadama ya isa baki ya ɗebi taɓo. Harbin da ya yi ƙara marar ƙarfi, kamar an buɗe kwalba, alama ce ta cewa mai yiwuwa robar harsashi ta tsaya a hanya: tsaya nan, karya bindiga, ka leƙa kafin ka sa wani. Masu cusa tsumma a baki don hana ƙura su daina, domin ranar gaggawa mantawa ake yi. A rufe daga waje da safa ko ƙyalle da aka ɗaure.

Harsashin lamba 20 kuma kada ya kwana aljihu ɗaya da na lamba 12. In aka sa shi a bindiga lamba 12 yana zamewa ya wuce mazauni ya tsaya a gaba, wurin ya zama kamar ba komai, a sa na 12 a bayansa a harba. Haka tsawon kwanso: a jikin hanci ana buga 65, 70 ko 76, milimita ke nan, kuma tsawon kwanson ne bayan ya buɗe. Shi ya sa harsashi mai 76 ke shiga mazauni mai 70 lafiya lau kafin harbi, amma bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, matsin ya haura abin da aka gina bindigar a kai.

Tsatsar waje mai sabon ja tana fita da mai: jiƙa wurin ya kwana, ka goga a hankali da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Samfefa tana kwashe baƙin rufin ƙarfen, wurin ya fi saurin sake yin tsatsa. Maƙalar da hanci ke juyawa a kai tana son ɗan giris kaɗan, a goge tsohon tukuna, domin giris da ya haɗu da ƙurar hunturu yana cin ƙarfe. Ɗaga abin da ke turo kwanso ka share ƙarƙashinsa da tsinke. Ƙwayar yashi ɗaya a nan na hana bindiga rufuwa sosai.

Bayan ka mayar da hanci, kafin ka sa katakon gaba, riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji hancin yana motsi, ko ka ga haske tsakaninsa da fuskar da yake rufuwa a kai, bindigar ta saki. Wannan, da kumburi, da lotsawa, da ramuka masu zurfi, duk dalilin ajiye ta ne har mai izinin gyara ya gani. Walda ko bugun guduma a hanci ba gyara ba ne. Mai baki biyu a rataye hancinta a yatsa a ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda haɗinsa ya fara rabuwa kuwa ƙararsa a dushe take.

Wajen ajiya, a goge sawun yatsu da ƙyalle mai ɗan mai, saboda gumi gishiri ne. A tsayar da ita baki ƙasa a kan katako, don man da ya rage kada ya gangara cikin ƙota ya laƙaƙa itacen har ya tsage a wuya. Kube na fata ko jaka mai soso na tafiya ne kawai, suna riƙe laima. Wurin ya zama mai makulli, harsasai a wani wuri daban mai nasa makullin, nesa da yara. Da damina a fito da ita duk mako biyu a leƙa a sake shafawa, da hunturu kuma a rage man waje. Ƙyallayen da aka yi aiki da su suna ɗauke da dalma, a zubar da su inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.