Darasi na 9: Cire launin kayan keke na alminiyam da soda

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su Kano, da yawansu kayansu na alminiyam ne, ƙarfen nan marar nauyi da wasu ke kira goran ruwa. Za ka ga hannun birki ja, hannun feda shuɗi, sandar sirdi baƙa. Bayan 'yan shekaru a ranar Kano, launin yakan koɗe, ya yi dabbare-dabbare. Sai mai keke ya ce wa mai gyara, "Malam, a mayar mini da shi fari fat."

Wannan launi ba fenti ba ne. A masana'anta ana tsoma ƙarfen cikin ruwan asid, a sakar masa wutar lantarki, fuskarsa ta yi wata fata mai tauri, sannan a rina fatar. Kaurinta bai kai na silin gashi ba, amma tana ba samfefa wahala. Idan ka kankara da wuƙa ka ga yana ɓarewa, to fenti ne, wannan darasi ba nasa ba ne. Idan mayen ƙarfe ya kama shi, ba alminiyam ba ne.

Abin da ke cire fatar nan shi ne soda, irin wadda masu haɗa sabulu da marina ke saya. Ba kanwa ba, ba kuma sodar da ake sa wa fulawa ba. Ita sodar sabulun tana ƙona fatar mutum, tana makantar da ido.

Kafin ka buɗe ledar soda, tanadi safar hannu ta roba mai kauri, da tabarau mai rufe ido har gefe, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Ajiye bokiti biyu cike da ruwa kusa da kai. A roba ake kwaɓa soda. Kada ka taɓa kwaɓa ta a tukunyar dalma, domin za ta ci tukunyar.

Zuba ruwan sanyi lita 1 a robar, sannan ka barbaɗa soda cokali 2 na cin abinci, a hankali, kana juyawa da itace. Ruwa ne farko, soda daga baya. Wanda ya zuba ruwa a kan soda, zafin da ke tashi yakan sa ta fantsamo masa a fuska.

Kwance kayan daga jikin keke, cire boris da noti da roba, wanke maiƙo da omo. Ɗaura masa waya, ka tsoma. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, launin yana fita cikin ruwa. Iskar da ke cikin kumfar nan, haidirojin, tana kama wuta. Don haka a fili ake aikin, ba a cikin shago ko soro ba, nesa da murhu da mai walda da mai shan taba.

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Soda ba ta san inda launi ya ƙare ƙarfe ya fara ba. Da zarar ta gama da fatar, sai ta kama cin alminiyam ɗin kansa. Saboda haka kada ka tsoma ka tafi sallah ko shan shayi. Ciro shi kowane minti 1, ɗauraye, duba. Sau da yawa 'yan mintuna sun isa, kuma lokacin bazara aikin ya fi sauri, don haka gara ka yi shi da sassafe. Sandar sirdi da ta daɗe a ciki takan rame har ta riƙa zamewa, zaren noti kuma ya lalace. Ni a ganina, kan keke da abin da ke riƙe shi gara a bar su da launinsu, ko ya koɗe. Nauyin mutum a kansu yake, idan suka karye a tsakiyar titin Zariya, ba ƙaramin abu ba ne.

Wani ƙarfen yakan fito da baƙin dauɗa a jikinsa. Goge shi da soson roba cikin ruwa mai yawa. Daga nan bi shi da samfefa mai lamba 400, sai 800, sai 1200, kana jiƙawa, ka ƙare da man goge ƙarfe. Tunda ka cire masa kariya, zai riƙa dushewa, sai ka shafa masa banish ko ka riƙa goge shi lokaci lokaci.

Idan soda ta taɓa fatarka, kwarara ruwa a wurin na minti 20, ka cire rigar da ta jiƙe. Idan ido ta shiga, buɗe idon ka yi ta kwarara ruwa haka nan, sannan a kai ka asibiti ko da zafin ya lafa.

Ragowar ruwan sodan kuwa, don Allah kada a ɗura shi a gorar lemo. Yakan yi kama da ruwan sha ko lemo, kuma yara sukan sha, maƙogwaronsu ya ƙone. Idan haka ta faru, kada a sa yaron amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya da shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano tare da ledar sodan. Sirka ragowar da ruwa mai yawa kafin ka zubar inda yara da dabbobi ba sa zuwa, ka ɗauraye robar, ka rubuta SODA da manyan baƙaƙe a jikinta.