Babi na 6: Auna ruwan sama da sauraren hasashen damina

Darasi na 1: Iska

Ƴan uwa, a bazara ku kula da iska. Ta hunturu busasshiya ce, daga arewa maso gabas take zuwa. Idan ta juya tana busowa daga kudu maso yamma, wajen teku, da laima, to damina ta kusa. Hadari shi kansa galibi daga gabas yake tasowa, kada wannan ya ruɗa ku. A Maraɗi ruwa daga Yuni ne zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta.

Darasi na 2: Ma'aunin ruwa

Ma'aunin kamar kofi ne mai tsawo, da lambobi a jikinsa. Kowane ɗan layi milimita ne. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a fili mai tsawon mita 1, faɗin mita 1.

A kafa shi a kan sanda, miƙe, a fili. Nesa da itace, katanga da rumbu, domin suna tare ruwa ko su ƙara masa.

Kowace safiya, lokaci ɗaya, a duba. Ka sunkuya har idonka ya daidaita da saman ruwan. Mai leƙowa daga sama ba zai karanta daidai ba. Rubuta kwanan wata, rubuta lamba, sannan ka zubar da ruwan.

Ka zubar da ruwan! Nan ne ake yawan kuskure. Jiya an samu 12, ba ka zubar ba, yau an yi 8, sai ka rubuta 20, alhali 8 ne. Ba komai, sannu a hankali za ka saba. Rubuta, zubar. Malama, ke ma haka. Kada ka ce yaro zai yi, mantawa yake. Mun sha faɗa a aji, har yanzu wasu na barin ruwan kwana uku yana ƙafewa a rana. Wannan sakaci ne. Rubuta, zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba, a sa 0.

Darasi na 3: Ruwan shuka

Yayyafi ba ruwan shuka ba ne. A jira kamar milimita 20 cikin kwana 3. Mai gaggawa, fari ya biyo baya, hatsi ya ƙone, iri ya tafi.

Darasi na 4: Hasashe

Kafin damina, cibiyar nazarin yanayi, ruwa da noma ta AGRHYMET da ke Yamai da masana yanayi na ƙasashenmu kan fitar da hasashe: ruwa ya fi na kullum, daidai, ko ƙasa. Na yanki ne duka, ba na gonarka ba. A saurari rediyo, a gwada da abin da aka rubuta.