Yadda nake facin tayar mashin ɗina mai caji

Ni tela ne, shagona na Kasuwar Barci a Kaduna, gida kuma a Badarawa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na yi 'yan watanni ina kallon yadda fetur ke lashe kuɗin ɗinki, daga ƙarshe na sayar da roba-robata, na yi ciko na sayi mashin mai caji, irin ƙaramin nan mai kujera da faffaɗan wurin ajiye ƙafa, mai batir biyar. Babu kaca, babu filogi, babu juyen baƙin mai. Ƙusa ce kawai ba ta raba mai caji da mai shan fetur.

Facina na farko a gefen tsohuwar Panteka na yi shi, na je karɓo ƙafar teburin guga da na bayar a yi mini walda. Duk wanda ya san wurin ya san ƙasar ba ta rabuwa da guntayen ƙarfe. Ina fitowa na ji baya na lilo. Na tura zuwa wurin wani yaro mai faci, na koma inuwa ina amsa waya. Da na juyo sai na ga ya kwance notuna ya zaro tayar, tana reto a jikin wayar wutar da ke shiga cikinta, yana ta murɗa ta yana neman inda ƙusar take. Facin ya yi kyau. Amma da aka mayar na murɗa, sai mashin ya kama karkarwa yana gurnani, ba ya tashi sai na taimaka masa da ƙafa. Siririyar waya ɗaya ce ta tsinke daidai bakin inda take fitowa. Sai da aka buɗe injin gaba ɗaya, kwana biyu yana wurin mai gyara, kuɗin ɗinkin kaftani uku ya tafi. Ban riƙe yaron a raina ba, bai taɓa kwance irinsa ba. Amma tun ranar na ce sai na koya da hannuna.

Abin da ya kamata mai irin wannan mashin ya fara sani shi ne, injin yana cikin tayar baya. Wannan ƙaton faifan ƙarfen da ke tsakiyarta shi ne injin, rim ɗin ma a jikinsa yake. Wutar da ke juya shi kuma tana bi ta waya guda mai kauri da ta ratsa ta cikin sandar da tayar ke juyawa a kanta. In ka feɗe rigar wayar za ka tarar da takwas a ciki: manya uku, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, su ke kai wuta, sirara biyar kuma su ke sanar da kwantirola, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, inda injin ya juyo. Sirarin nan ba su fi zaren saƙa kauri ba. Duk hidimar facin baya a kan kare su take.

Saboda haka da zarar ka ji taya ta sace, sauka. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Unguwar Sarki. A mashin mai fetur in rim ya lanƙwashe rim za ka saya, a nan kuwa maganar inji ake. Kuma kafin ka fara turawa kashe makulli ka zare shi. Mashin ɗin nan ba ya ƙara, kana iya mantawa a kunne yake, hannunka ya murɗa totur ba ka sani ba, ya fizge ka cikin titi.

Sai ka duba gefen tayar. Tawa an rubuta 3.00-10, da kalmar TUBELESS, wato marar tub. Idan taka ma haka take, ka huta, domin yawancin faci ba sai an kwance komai ba. Ga abin da ke ƙarƙashin kujerata kullum: ƙaramin famfo mai geji, filaya, reza, 'yar gorar ruwan omo, guntun allin tela, da kayan facin tubles da ake sayarwa a ƙunshi ɗaya wurin masu kayan babur. A ƙunshin akwai ƙarafa biyu masu mariƙi, ɗaya jikinsa kaushi kamar magagari, ɗayan kamar basilla mai tsagaggen ido, sai igiyoyin roba masu danƙo da ɗan sulushan.

Ɗora mashin a kan ƙafarsa biyu ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ba ta iska, ka fara da bawul: ɗan shafa yawu a bakinsa. In ya yi kumfa, ƙwayar cikin ce ta saki, ɗaure ta kawai ko canza ta, ba ka da faci. In ba shi ba ne, juya tayar a hankali da hannu kana zuba ruwan omo. Wani lokaci kan ƙusar a fili yake, wani lokaci kuwa ɗan silin waya ne da ido ba ya gani, sai dai ka ga kumfa na taruwa wuri ɗaya kamar ƙwan kwaɗo. Zagaye wurin da alli kafin ka taɓa komai, domin da ka zare ƙusar robar za ta haɗe bakinta, ka dawo kana lalube.

Lokacin zarewa da filaya, kula da yadda ƙusar ta shiga. Ba kasafai take shiga a miƙe ba, galibi a karkace take. Ta wannan karkatar za ka tura ƙarfen mai kaushi, in ba haka ba ka huda sabon rami kusa da tsohon. Tura, jawo, tura, jawo, kamar sau shida ko bakwai, har ka ji ya daina gardama. A nan mutane ke jin tsoro, suna ganin ƙara ɓarna suke yi. Ba ɓarna ba ce, ramin da ba a share ba ba ya karɓar igiya. Bar ƙarfen a ciki ya tare iska, ka zura igiya ɗaya a idon basillar har tsakiyarta, ɓangarorin biyu su yi daidai, ka shafa mata sulushan. Zare na farkon, ka danna basillar da ƙarfi, da nauyin kafaɗa, har kashi biyu cikin uku na igiyar ya shige. Sannan ka fizgo ta a miƙe, tashi ɗaya, ba murɗawa. Tsagar idon za ta saki igiyar a ciki. In ka murɗa, tare za su fito. Yanke abin da ya yi saura da reza ka bar ɗan kaɗan a sama, titi zai daidaita shi. Ba da iska, sake zuba ruwan omo, ka tsaya ka kalla minti ɗaya cur. Duka aikin ba ya kai min minti goma sha biyar yanzu.

Igiyar nan tana da iyaka. Ramin da ke kan fuskar da ke taka ƙasa take toshewa, wanda bai wuce faɗin milimita 6 ba. Idan a gefen taya ne, ko kwalba ce ta yi yanka mai tsawo, kada ka cusa igiya biyu uku kana fata. Gefe yana lanƙwasa a kowane juyi, zai tofo ta, wataƙila kana tsakiyar gadar Kawo da yaro a baya. Wannan sabuwar taya yake so. Haka kuma in leɓen tayar ya rabu da rim, famfon hannu ba zai mayar da shi ba ko ka kwana kana bugawa, sai injin iskan mai faci.

Kuma in ka je wurinsa, ka tsaya a kansa. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa a kan hanyata, ranar farko da ya ɗauki tayata ya nufi rabin duron ruwan da suke tsoma taya, sai na riƙe hannunsa.

“Baba, don Allah kada a tsoma. Inji ne a ciki.”

Ya tsaya ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ce, “Ikon Allah. To Malam, da me za mu gane?”

Na miƙa masa gorar omo. Yanzu shi da kansa yake hana yaransa kusantar irin wannan taya da guduma ko ruwa. Akwai maganaɗisu jere a manne a cikin faifan, duka ba ya yi musu daɗi, ruwa kuma in ya shiga tsatsa ce.

Wasu ƙananan masu caji da tub suke zuwa. Ko a nan ina ba da shawara a gwada faci tayar na jikin mashin: a sace sauran iskar, a ɗaga leɓe ɗaya da liba, wato ƙarfen ɓanɓare taya, a jawo tub ɗin waje ta gefe. Wurin da matsi, amma hatsarinsa bai kai na kwancewa ba. A goge wurin hujin da sanfefa fiye da faɗin facin, a shafa sulushan siriri, a jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɗago bayan kwana biyu. A manna, a danne sosai daga tsakiya zuwa baki. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da ƙyalle. Ni guntun shadda nake sa wa, duk inda ƙaya ko silin waya ya maƙale zai kama zaren, yatsa kuma ya tsira. A ɗan hura wa tub ɗin iska kaɗan ya yi siffa kafin a cusa shi, don kada liba ta cije shi.

Idan dai canjin taya ne ko na tub, babu makawa sai an kwance. Kashe makulli. Ɗaga kujera, yawancinsu akwai makunni irin na mitar gida a wurin, kashe shi ma. Ɗauki hoton ɓangarorin biyu da wayarka kafin ka sa sifana. Daga nan bi wayar injin da hannu daga taya har inda ta haɗu da 'yar uwarta, galibi ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe, ka raba su a can. Manyan ukun wani lokaci da ƙananan notuna aka ɗaure su, launi da launi. Sirarin kuma soket ɗaya ne mai ɗan harshe da ake dannawa. Jikin soket ake kamawa, ba a jan waya. Yanke robobin da suka ɗaure ta a jikin ƙarfe har ta zama sake. Sai a kwance notin birki da wanda ya riƙe farantinsa, sannan manyan notuna biyu.

Washoshin da za su fito ba ado ba ne. Sandar ba zagayayya ba ce, an shafe gefenta biyu, kuma akwai washa mai ɗan ƙugiya da ke shiga tsagar ƙarfen mashin. Ita ke hana sandar juyawa in inji ya ja. In aka manta ta, ko aka sa ta a juye, sandar za ta juya ta naɗe wayar ta tsinke ta. Ni zare nake zurawa ta cikinsu yadda suka fito bi da bi, na dama daban na hagu daban, in ƙulla in rataye a madubi.

Tayar na da nauyi, a samu mai tallafa mata lokacin zarewa. A kwantar da ita a kan tsohuwar taya ko katako biyu, ɓangaren waya na kallon sama, kada nauyin ya hau kanta. Ƙaramar taya ta fi babba taurin kai wurin fita da shiga. Abin da ke taimakona uku ne: shanya sabuwar a rana ta yi laushi, shafa ruwan omo a leɓenta, da kuma danna ɓangaren da ya riga ya shiga zuwa cikin kwarin tsakiyar rim, shi ke ba ɗaya ɓangaren sarari. Ɗan ƙaramin cizo ake yi da liba, ba babba ba. A duba kibiyar da ke gefen taya ta kalli inda take juyawa in ana tafiya gaba. Na taɓa gama komai sannan na ga kibiya a juye, dole na sake daga farko.

Wurin mayarwa, a juya sandar yadda bakin da wayar ke fitowa zai kalli ƙasa, don ruwan damina ya gangara maimakon ya bi ta ya shige inji. A mayar da washoshi yadda hoto ya nuna, a daidaita tayar a tsakiya, a ɗaure notuna tamau, a haɗa birki a gwada shi, sannan wayoyi, kore da kore, shuɗi da shuɗi. A ɗaure wayar a jikin ƙarfe inda taya ba za ta goge ta ba.

Iska kuwa, adadin na rubuce a gefen tayar. Tawa 36 ce iyakarta, ina tsayawa ƙasa da haka kaɗan. Duk Juma'a kafin in fita nake sa geji. Taya mai ƙarancin iska tana shan caji, ita ce kuma ke saurin cizon tub a bakin rami. Da damina ina guje wa gefen kwalta inda ruwa ke tara yashi, nan ƙusoshi ke kwanciya. Ta gaba ta tayar da su, ta baya ta kwashe.

Kafin ka sauke mashin daga ƙafarsa, kunna makunni, sa makulli, ka murɗa totur kaɗan tayar na sama. In ta tashi sumul da ɗan siririn kukanta, ka gama. In ta yi karkarwa ko gurnani, kashe nan take ka koma kan soket ɗin sirarin wayoyin, sau da yawa bai gama shiga ba ne. Bayan kwana uku ka sake sa sifana a manyan notunan nan biyu, ni kullum sai na samu sun ɗan ƙara karɓa.