Yadda na samu JSTOR ya daina neman kuɗi a ɗakin karatun jami'a

Ina aji huɗu, ina haɗa babi na biyu na furojet, malamina ya turo ni neman wasu maƙalu a JSTOR, wato shafin intanet da ke tara maƙalun binciken ilimi. Jami'armu ta biya kuɗin rajista, amma duk maƙalar da na buɗe, shafin farko kawai nake gani, sai a ce in saya. Alhali ina zaune a sashen kwamfuta na laburare, da wayata a kan wayifai ɗinsu.

Na sauya burauza, na goge tarihin bincike, na buɗe sabon asusu da wani imel. Duk a banza.

Wata ma'aikaciyar sashen ce ta gano bakin zaren. JSTOR yana gane jami'a ne ta lambar IP ɗin intanet ɗinta, wato lambar da ke nuna daga inda ake shiga intanet, shi kuwa VPN, manhajar da ake shiga shafukan da aka toshe da ita, ɓoye wannan lamba yake yi. Nawa yana tashi da kansa duk lokacin da waya ta kama intanet, kamar na mutane da yawa tun rufe Twitter a Najeriya a 2021.

Ga abin da muka yi. Na shiga saitunan waya, sashen VPN, na kashe shi tare da zaɓin da ke barinsa kunne kullum. Na kashe data. Na sa wayar ta manta da wayifai ɗin, na sake shiga da lambar rajistata. Na rufe burauza gaba ɗaya, na buɗe jstor.org. Sunan jami'armu ya fito a saman shafi, maƙalar ta sauka cikakkiya a PDF.

Alhamdulillahi, Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.