Yadda za ka tsoma baki kafin a yi wa wata fyaɗe, da abin yi in ta riga ta faru

A Abuja kusan kowa baƙo ne, shi ya sa "ba ruwana" ta samu gindin zama. Sai ka ga iyali goma a gidan haya ɗaya a Kubwa ko Nyanya, amma ba wanda ya san sunan 'yar maƙwabcinsa. Mai fyaɗe kuwa da wannan shirun yake cin karensa babu babbaka. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa da UNICEF suka yi a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma yawanci wanda suka sani ne ya aikata.

Matakin farko, buɗe ido da wuri. Abin ba ya farawa da ihu. Yakan fara ne da mai shagon da kullum yake ba yarinya alawa yana kiranta bayan shagon, ko wanda ya ce wa 'yar talla "shigo da gyaɗar ciki in ba ki canjinki" alhali kango ne ba kowa. Idan ranka ya ba ka wani abu, kada ka kauda kai.

Na biyu, katse lamarin ba tare da faɗa ba. Nan mutane ke ja da baya, don suna zaton sai an ci kwalar wani. Ba haka ba ne. Ɗaga murya ka kira 'yar tallar: "Ke yarinya, zo nan, nawa gyaɗar?" Ka saya ko da ba ka buƙata, ka tsaya har ta wuce layin. A motar haya daga Berger, idan kika ga wata tana ta takurewa jikin taga, na kusa da ita yana ta matsowa, ce mata, "'Yar'uwa, dawo nan kusa da ni." Kai namiji kuma ce masa, "Malam, gyara zama mana," yadda kowa zai ji. Ba ka zarge shi da komai ba, amma ya san an gan shi, kuma irinsu ba abin da suke tsoro kamar ido.

Na uku, in da haɗari kada ka tunkare shi kai kaɗai. Kada kuma ka ce "jama'a ku taimaka", don kowa zai jira wani. Nuna mutum: "Mai shayi, taso." Nemi 'yan sintiri ko mai unguwa, ko ka kira lambar gaggawa ta 112. Dukan kawo wuƙa dai ba taimako ba ne, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa.

Na huɗu, in ta riga ta faru, kame bakinka daga "me ya kai ki?" da "wane kaya kika sa?" Waɗannan tambayoyin su suke sa yara yin shiru shekara da shekaru. Ce mata, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Sai asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi kafin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma kafin kwana 5. In da hali kada ta yi wanka kafin likita ya duba ta, a naɗe kayan da ke jikinta a takarda, ba a leda ba. Ko ta riga ta yi wankan, a je. Yaro namiji ma haka za a yi masa. Kada a saka hotonta ko sunanta a Facebook ko WhatsApp da sunan neman mata haƙƙi.

Na biyar shi ne mai wuya, don da dare dattawa za su zo da "a rufa asiri, wa zai aure ta gobe?" Wani lokaci har da 'yan kuɗin magani. Asirin wa ake rufawa? A ganina na mai fyaɗen ne, kuma 'yar wani ce ta gaba. Dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, tana aiki a Abuja: hukuncin fyaɗe ya kai ɗaurin rai-da-rai, mafi ƙaranci shekara 12 ga baligi, 20 idan taron dangi aka yi. Hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce ke kula da dokar, kuma tun 2019 akwai kundin ƙasa na sunayen waɗanda aka kama da laifin. Ka raka iyayen ofishin 'yan sanda ko NAPTIP. Idan babba ce, ita za ta yanke shawarar kai ƙara, kada a tilasta mata. Tun a ranar ka rubuta abin da ka gani, da ƙarfe nawa, da su wa ke wurin, domin shari'a kan ɗauki watanni kafin a kira ka shaida.