Yadda ake raba intanet ɗaya ga duk kwamfutocin gida

Ba zan tsaya bayanin mene ne rauta ba, wanda ya sayi data ai ya san na'urar nan mai raba intanet. Abin da nake yawan gani shi ne mutum yana da rautar kamfani a falo, sai ya sayo ta biyu saboda ɗakin yara ko shagon ƙofar gida, ya jona su da wayar kebul, fitilu duk suna ci amma intanet shiru, sai ka ji yana cewa an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ce malam, lambar IP, wato adireshin kowace na'ura a kan netwok, ita ce ta yi karo.

Yawancinsu da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 suke zuwa, to in biyun suka zo da lamba ɗaya kuma kowacce tana raba wa kwamfutoci lamba, rikici ya tashi ke nan. Ni kaina kwana biyu na yi ina zare waya ina mayarwa kafin na gane.

Don haka kar ka haɗa su tukuna. Ka jona kwamfuta ɗaya da sabuwar rautar ita kaɗai, ka buɗe burauza ka rubuta lambar da ke manne a ƙasanta, sunan shiga da fasuwod ma suna nan. In ta falo 192.168.1.1 ce, ka mayar da sabuwar 192.168.1.250, ka yi sabin, ka sake shiga da sabuwar lambar. Sannan ka kashe DHCP ɗinta, wato saitin rabon lamba, ta falo kaɗai za ta riƙa rabon lamba. Wayar kuma daga ramin LAN na ta falo zuwa ramin LAN na sabuwar, ka bar ramin WAN fanko, wancan mai launi daban ɗin da hannun kowa ke zuwa kansa.

Waya ni Cat6 kawai nake saya, kuma kar ta wuce mita 100. Masu arhar nan alminiyom ne aka shafa wa tagulla, kuɗinka ne zai tafi a banza.

Saura mai sauƙi ne. Kwamfutar tebur a ba ta waya, laftof ta hau Wi-Fi, ka sa tsaron WPA2 da fasuwod mai tsawo don maƙwabta. In datarka mai iyaka ce ka kunna metered connection, wato saitin taƙaita cin data, a kowace Windows, in ba haka ba ofdet zai shanye ta cikin dare. Ka kuma nemi ƙaramin UPS na rauta saboda ɗauke wuta, ka dai duba ko volt 12 take ci kafin ka biya.